Tarihin Auna Ɓurɓushin Ƙarafa a Cikin Kaki

Kaki, ko na zuma ne ko na fetur ko wanda ake kankarowa daga ganyen bishiya, kusan dukkan jikinsa sinadaran kabon da haidurojin ne, wani kuma da ɗan oksijin a ciki. Ƙarfe ba ya cikin asalinsa. Duk ɓurɓushin ƙarfen da aka tarar a cikinsa baƙo ne da ya shigo daga tukunyar da aka narka shi, ko bututun matata, ko ƙurar hanya, ko launin da aka zuba masa, ko sinadarin da aka sarrafa shi da shi. Yawan wannan baƙo bai cika wuce 'yan miligiram a kowane kilo ba, sau da yawa ma bai kai haka ba. Sai dai kaki abu ne da ke kusantar bakin mutum da fatarsa: da shi ake shafe tuffa da lemo don su daɗe, da shi ake lulluɓe cuku da alawa da ƙwayar magani, yana cikin jan-baki da man shafawa, ana kuma ƙona shi a ɗaki a matsayin kyandir. Wannan ya sa sanin abin da ya ɓuya a cikinsa ya zama sana'a mai zaman kanta, wadda ta ɗauki fiye da ƙarni ɗaya da rabi kafin ta kai inda take yau.

Masu kiwon zuma sun riga masana sanin cewa ƙarfe yana taɓa kaki. An daɗe da lura cewa idan aka narka saƙar zuma a tukunyar baƙin ƙarfe, ko ta tagulla, ko wadda aka shafe da tutiya, kakin yakan fito da duhu maimakon ruwan ɗorawa mai haske, farashinsa kuma ya faɗi. Fataken Turai da suka riƙa sayen kakin zuma a gaɓar Gambiya da Gini tun ƙarni na 16 ba su da wani awo da ya wuce ido da hanci da hannu. Sukan fasa curin su duba ko an cusa yashi ko dutse don ƙara nauyi. Irin wannan dubawa tana kama algus mai yawa, amma ba ta ganin guba. Abin da ya faru a Landan a 1837 ya nuna haka a fili. Bayan da Michel Chevreul na Faransa ya gano yadda ake raba kitse a fitar da sinadarin sitiyarin, sai aka fara yin kyandir masu tauri da fari daga gare shi, wasu masu sana'ar kuma suka riƙa zuba farin asenik a ciki don kada kyandir ɗin ya yi gautsi. Ƙungiyar likitoci ta Westminster ta binciki lamarin ta tabbatar da cewa hayaƙin irin waɗannan kyandir yana ɗauke da guba. A lokacin, gwajin James Marsh na gano asenik shekararsa ɗaya kacal da fitowa, kuma ƙarfe ɗaya tak yake nema. Kowane ƙarfe yana buƙatar nasa gwajin, da nasa sinadaran, da samfur mai yawa.

Hanyar da ta zo ta warware wannan ta fito ne daga nazarin haske. Tun 1666 Isaac Newton ya nuna cewa gilashi mai kusurwa uku yana rarraba hasken rana zuwa launukan bakan gizo. A 1752 Thomas Melvill na Sukotlan ya leƙa harshen wutar da aka barbaɗa wa gishiri ta cikin irin wannan gilashi, ya ga rawaya mai ƙarfi a wuri ɗaya. Joseph Fraunhofer, maƙerin tabarau a Jamus, ya ƙirga layuka masu duhu fiye da 500 a cikin hasken rana daga 1814, ya sa wa manyansu haruffa. Henry Fox Talbot ya ba da shawara a 1826 cewa launin harshen wuta zai iya zama hanyar gane sinadarai. Abin da ya hana shawarar tasa yin tasiri da wuri yana da muhimmanci ga duk tarihin da ya biyo baya: layin rawaya yana fitowa a kusan duk abin da aka ƙona, har masana suka kasa yarda cewa na sinadari ɗaya ne. Sai a 1856 William Swan ya nuna cewa na sodiyam ne, kuma ɗan gishirin da ke cikin ƙura ko gumin yatsa ya isa ya haifar da shi. Wato tun ranar farko, ƙarfin ganin wannan hanya da saurin gurɓatarta tare suka zo.

A birnin Heidelberg aka ɗaure bakin zaren. Robert Bunsen yana da fitilar gas da aka ƙera a 1855, mai harshe mai zafi wanda kusan ba shi da launi, Gustav Kirchhoff kuma masanin haske ne. Tsakanin 1859 da 1860 suka haɗa na'ura mai gilashin rarraba haske da madubin leƙawa, suka tabbatar da cewa kowane sinadari yana da layukansa a wuraren da ba sa canzawa, ko da wane irin gishirinsa aka sa a wuta. Nan da nan hanyar ta fara ba da amfani. A 1860 suka gano siziyam a ruwan ma'adinai na Dürkheim saboda layuka biyu shuɗɗa da ba a san mai su ba, a 1861 suka gano rubidiyam. William Crookes ya gano taliyam a shekarar, aka gano indiyam a 1863, aka ga layin hiliyam a hasken rana a 1868 tun kafin a same shi a doron ƙasa. Dalilin faruwar haka bai bayyana ba sai bayan aikin Niels Bohr na 1913: zafi yana ɗaga ilektiron na ƙwayar zarra zuwa mataki na sama, idan ya komo sai ya saki haske mai tsawon zango takamaimai, kuma matakan kowane sinadari daban suke da na sauran. Sodiyam yana haskawa a nanomita 589, jan ƙarfe a 324.8, dalma a 220.4, waɗannan biyun kuwa ido ba ya ganinsu.

Sanin cewa ƙarfe yana nan abu ne guda, sanin yawansa kuma wani abu ne, kuma wannan na biyun ya ci fiye da shekaru sittin. Ƙarfin layi ba ya dogara ga yawan ƙarfen kaɗai. Zafin wutar, da saurin ƙonewar samfurin, da sauran abubuwan da ke tare da shi duk suna sauya shi. Walter Hartley ya yi ƙoƙarin auna yawa da tartsatsin lantarki a Dublin cikin shekarun 1880, amma maganin gaske ya zo ne a 1925 daga Walther Gerlach, wanda ya ce a riƙa kwatanta layin ƙarfen da ake nema da layin wani sinadari da aka san yawansa a cikin samfurin. Idan wuta ta yi rauni, layukan biyu tare za su yi rauni, rabon da ke tsakaninsu ya tsaya yadda yake. Har yau da wannan dabara ake aiki. A 1929 Henrik Lundegårdh na Suwidin ya fara fesa samfurin a matsayin ruwa cikin harshen asitilin da iska, ya samu awo mai maimaituwa a kan ƙasar noma da tsirrai. Daga nan aka ɗauki ƙa'idar da za ta zama wahalar masu auna kaki: na'ura ruwa take sha.

A wannan tsakanin shi ma kakin ya sauya. Karl von Reichenbach ya ware farafin daga kwaltar itace a 1830, James Young ya yi rajistar hanyar fitar da shi daga kwal a 1850 ya buɗe masana'anta a Bathgate, daga baya kuma matatun fetur suka mamaye kasuwar. Aka ƙara da kakin kanoba daga dabinon arewa maso gabashin Birazil, da kandelila daga hamadar Meziko, da montan da ake tatsa daga kwal mai ruwan ƙasa a Jamus. A 1925 Franz Fischer da Hans Tropsch suka nuna yadda ake haɗa mai da kaki daga iskar gas a kan ƙarfe mai zuga haɗuwar sinadarai. Kowane iri ya zo da nasa baƙin. Su kuwa littattafan ƙa'idar magunguna, tun farkon ƙarni na 20 suka dogara ga gwaji ɗaya: a ƙone samfurin, a narka tokar, a zuba sinadarin salfaid, a kwatanta duhun ruwan da na wani ruwa mai sanannen adadin dalma. Gwaji ne mai arha, amma mai rauni ƙwarai. Ba ya faɗin wane ƙarfe ne ya kawo duhun, kuma zaiba da wasu ƙarafa sukan gudu da hayaƙi tun a wurin ƙonawa, a ba samfur shaidar tsabta alhali gubar ta bi iska ne.

Masu harkar mai ne suka fara matsa wa masana lamba kan auna ƙarafa a cikin abu mai maiƙo. Cikin shekarun 1940 kamfanin jirgin ƙasa na Denver and Rio Grande a Amurka ya fara duba tsohon man injunansa na dizal da na'urar rarraba haske, domin ƙaruwar baƙin ƙarfe ko jan ƙarfe ko dalma a cikin man tana nuna wane sashe ne ke cinyewa kafin injin ya tsaya. Sojojin ruwan Amurka suka ɗauki dabarar don jiragen sama. A 1955 Alan Walsh, a Melbourne ta Ostireliya, ya juya lamarin: maimakon auna hasken da ƙwayoyin zarra ke fitarwa, sai a auna wanda suke shanyewa. Hanyarsa ta cika ɗakunan gwaje-gwaje na duniya cikin shekarun 1960. Aibinta biyu ne. Ƙarfe ɗaya take aunawa a lokaci guda, kowanne da fitilarsa. Sannan harshen asitilin da iska bai wuce digiri 2,300 ba, zafin da bai isa ya raba alminiyam ko banadiyam ko silikon da oksijin ba, sai an koma ga wani harshe mafi zafi da haɗari.

Filasma ce ta kawo zafin da ake nema. Iskar gas ce da aka zafafa har wasu ilektiron suka rabu da ƙwayoyinsu, ta zama tana ɗaukar lantarki. Irving Langmuir ne ya raɗa mata suna a 1928. A 1961 Thomas Reed, a ɗakin bincike na Lincoln da ke ƙarƙashin jami'ar MIT, ya kunna filasmar iskar argon mai ɗorewa a cikin bututun gilashi ba tare da sandunan lantarki sun taɓa ta ba, yana neman hanyar girka lu'ulu'un abubuwa masu wuyar narkewa. Mutum biyu suka ga abin da za ta yi wa awo. Stanley Greenfield yana aiki a kamfanin Albright and Wilson kusa da Birmingham, masu sarrafa fosfaras, ya buga sakamakonsa a 1964. Velmer Fassel da Richard Wendt na ɗakin bincike na Ames a jihar Iowa suka buga nasu a 1965. An daɗe ana ja-in-ja kan wanda ya riga wani, kuma adalci shi ne kowanne ya kawo abin da ɗayan bai kawo ba. Greenfield ne ya fara nuna amfanin filasma mai rami a tsakiya, inda samfurin zai ratsa ta ciki maimakon ya zame ta gefe. Fassel da ɗalibansa suka shafe shekaru goma suna tace ƙaramar fitila mai cin wuta kaɗan wadda ta zama abin koyi. Na'urorin sayarwa suka shiga kasuwa a tsakiyar shekarun 1970, da sunan da aka taƙaita zuwa ICP.

Fitilar bututu uku ce na gilashin kwaz, ɗaya cikin ɗaya. A bakinta akwai naɗin bututun tagulla mai ɗauke da lantarki mai kaɗawa sau miliyan 27 ko miliyan 40 a daƙiƙa, da ƙarfin kilowat ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Tartsatsi ɗaya ke fara sakin ilektiron a cikin argon, maganaɗisun naɗin ya riƙa wujijjiga su suna karo da sauran ƙwayoyi, har zafin ya kai digiri 6,000 zuwa 10,000, wato ya kai ko ya zarce na fuskar rana. Bututun waje yana kwararar da argon kimanin lita 12 zuwa 15 a minti don kada gilashin ya narke. Na tsakiyar yana kawo samfurin, wanda aka riga aka mayar feshi, aka tace manyan ɗigo aka zubar, har abin da ke isa wutar bai wuce kashi biyu ko uku cikin ɗari ba. A cikin wannan zafi kowane haɗi yana wargajewa, kowane ƙarfe ya ba da haskensa, na'ura ta rarraba hasken ta karanta ƙarafa ashirin ko talatin cikin 'yan mintuna. Tun farkon shekarun 1990, da aka sa idanun lantarki irin na kyamara, ana ɗaukar layukan gaba ɗaya a lokaci guda.

Duk wannan an gina shi ne don ruwa, shi kuwa kaki ba ya jituwa da ruwa. Kakin zuma sai ya kai digiri 62 zuwa 64 yake narkewa, kanoba sai ya haura 80, wasu nau'o'in Fischer da Tropsch sai sun wuce 100. Asid mai sanyi ba ya cin sa. Saboda haka rabin ƙarnin da ya wuce, ci gaban wannan sana'a ya fi karkata ga yadda za a kai kakin bakin fitilar fiye da ita fitilar kanta.

Hanya mafi tsufa ita ce mayar da shi toka. Ana auna giram da yawa a kaskon filatinam ko kwaz, a ƙone a hankali, a sa a tanderu mai zafin digiri 500 zuwa 550 har baƙin ya ƙare, a narka abin da ya rage a asid. Amfaninta shi ne tana tattara ƙarfen samfur mai yawa cikin ruwa kaɗan. Amma tana cin yini guda, kakin yakan yi tartsatsi ya fantsama, zaiba takan tafi gaba ɗaya, asenik da dalma da kadmiyam su ragu, kasko a buɗe kuma yana karɓar duk ƙurar da ke yawo a ɗakin.

Hanya ta biyu ta zo da tanderun maikurowef. An fara gwada shi wajen narka samfura a 1975, cikin shekarun 1980 kuma aka ƙera kwalabe masu murfi na roba mai jure asid da matsi. Ana sa kakin da asid na naitirik, a rufe, a zafafa zuwa wajen digiri 200 ko fiye, har kabon ɗin ya ƙone a cikin ruwan. Ba abin da ke tserewa, ba abin da ke shiga. Iyakarta ita ce kaki kusan duk mai ne, yana fitar da iskar gas mai yawa idan ya ƙone, don haka ba a iya sa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu ko rabin giram ba tare da kwalbar ta yi barazanar fashewa ba. Ƙaramin samfur kuwa yana nufin ƙarfe kaɗan a cikin ruwan, yana kuma tayar da tambayar ko wannan ɗan gutsuren yana wakiltar curin duka. Ƙarafa kan taru a gindin curi yayin da yake daskarewa, shi ya sa ƙwararru ke narka samfurin duka su gauraya kafin su ɗiba.

Hanya ta uku an aro ta ne daga masu gwajin man inji, waɗanda ƙa'idarsu ta ASTM D5185 ta tsara tsarma mai da wani mai marar kauri a fesa shi kai tsaye. Ana narka kakin a zailin ko kananzir mai tsabta, a kwatanta da ma'aunai na ƙarafan da aka narka a mai, a ƙara itiriyam ko wani sinadari a matsayin abokin kwatance irin na Gerlach don gyara bambancin kauri. Ita ce mafi sauri, kuma ita ce mafi yawan tarko. Kakin yakan sake daskarewa a cikin siririn bututu ko a bakin mafeshi da zarar ya huce, sai an ɗumama duk hanyar daga kwalba har fitila. Tururin man yana iya kashe filasmar. Kabon yana taruwa a bakin bututun tsakiya kamar kunkunniya a gindin tukunya, sai an saka ɗan oksijin a cikin argon don ya ƙone shi. Abin da ya fi waɗannan haɗari shi ne wanda ba ya nuna alama: idan ƙarfen yana cikin kakin a matsayin ƙananan tsaba ne ba narkakke ba, manyan tsabar sukan kwanta a kwalba ko su bi ɗigon da aka zubar, na'ura ta ba da adadi ƙasa da gaskiya ba tare da wani kuskure ya bayyana ba. Ɗakin gwajin da ya san aikinsa yakan tabbatar da sakamakon wannan hanya da ta maikurowef lokaci zuwa lokaci. Kowace hanya aka bi, ana tafiyar da kwalba marar samfur ta duk matakan, domin sodiyam da kalsiyam da tutiya da baƙin ƙarfe suna cikin ƙura da safar hannu da asid ɗin kansa, matsalar da Swan ya bayyana a 1856.

Masu neman wannan awo a yau sun kasu gida-gida. Masana'antun da ke mayar da gas mai, irin na Sasol a Afirka ta Kudu tun 1955, da na Shell a Bintulu ta Maleshiya da Katar, da na Escravos a jihar Delta da ya fara aiki a 2014, suna samar da kaki a cikin tukunyar da ke ɗauke da baƙin ƙarfe ko kobal mai zuga haɗuwar sinadarai. Ɗan ƙarfen da ya tsere wa abin tacewa, tare da alminiyam daga abin da aka ɗora kobal ɗin a kai, yana toshewa yana kuma lalata sashen da ke farfasa kakin zuwa dizal, don haka ana bin sawunsa a kai a kai. Matatun fetur masu sashen man inji da kaki, kamar yadda aka tsara ta Kaduna da aka buɗe a 1980, suna duba nikel da banadiyam da baƙin ƙarfe. A ɓangaren abinci, dokar Tarayyar Turai ta 2012 kan abubuwan da ake ƙarawa a abinci ta kayyade dalma a kakin zuma, mai lamba E901, da kada ta wuce miligiram 2 a kilo. Amurka ta haramta lagwanin kyandir mai dalma a 2003, bayan Ostireliya ta yi haka a 1999. Tsohon gwajin salfaid kuwa an cire shi daga littafin ƙa'idar magunguna na Amurka a farkon 2018, aka maye gurbinsa da awon kowane ƙarfe da sunansa ta hanyar filasma.

Ita ma na'urar ta yi rassa. A 1980 Robert Houk da Fassel da Alan Gray da abokan aikinsu suka haɗa filasmar da na'urar auna nauyin ƙwayoyin zarra, wadda ke gani ƙasa da abin da haske ke nunawa sau ɗari ko sau dubu, ita ake nema idan ana maganar zaiba da asenik da kadmiyam a kayan magani. A 2011 kamfanin Agilent ya fitar da na'ura mai filasmar naitirojin da maikurowef ke kunnawa, wadda ke iya tatsar iskarta daga sararin ɗaki. Ba ta kai ta argon zafi ko gani ba, amma tana da ma'ana a wuraren da tukunyar argon ke da tsada da wuyar samu, domin fitilar ICP tana iya shanye babbar tukunya cikin yini ɗaya na aiki, ga kuma buƙatar lantarki marar yankewa da ɗaki mai sanyi. Waɗannan buƙatu ne suka sa kakin zuman da ake tarawa daga amya a ƙasar Hausa da Habasha da Tanzaniya sau da yawa a ɗakin gwajin mai saye ake auna shi, bayan ya riga ya tsallaka teku. Abin da ke hannun mai kiwon zuma shi ne matakin farko: narkawa a tukunyar ƙarfe marar tsatsa ko mai rufin tangaran, da ruwan sama ko wani ruwa mai tsabta, tacewa da kyalle, da kankare dattin da ya kwanta a gindin curin bayan ya daskare.